Lambar Wayar Mai Gini

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku kun sauka Abuja lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar jaririyar nan da ta zo ta hana ni zama wuri ɗaya. Allah Ya tsare ku a masauki, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya sa ruwan garin ya karɓe ku.

Ka ga yadda na kira ka a sama? Tun da aka haife ka ban taɓa kama sunanka ba, don kai ne ɗan fari, haka muka tarar ana yi. Sai dai in ce "kai", ko in ce "yaron nan", har ka yi gemu. Yanzu Allah Ya ba ni hanya. Ranar suna na yi ta cewa Baban Ummi, Baban Ummi, ko ba ni da abin da zan faɗa maka, har abokaina suka ce in bar sunan ya huta kada ya tsufa tun yau. Ga shi kun sa mata sunan mahaifiyata. Da aka ɗora mini ita a cinya ta kama ɗan yatsana, wannan da guduma ta lanƙwasa, ta ƙi saki. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Allah Ya raya ta, Ya yi muku albarka.

Ba labarin gida ne ya zaunar da ni ba, ba ku daɗe da barinsa ba. Amsar tambayarka ce. Ana gobe za ku tafi ka same ni a zaure bayan la'asar, ka durƙusa can nesa kamar yadda ka saba, ka miƙo mini wayarka. Ka nuna mini abin da ka ƙera, wanda ya sa kamfanin tallan nan ya ɗauke ka aiki. Bari in maimaita, ka ga ko na gane. Mai gini zai shiga shafin, ya rubuta tsawon gininsa da faɗinsa, ya zaɓi irin kwanon da yake so, sai abin ya lissafa masa kiyasin kuɗin rufi. Amma kafin ya ga amsar dole ya sa lambar wayarsa. Lambar nan kuma take za a tura wa masu rufi da ke biyan kamfaninku don a samo musu masu aiki. Ka ce shugabar wurin, wadda kuke kira Madam, tana so kowace lamba ta je hannun masu rufi da yawa a lokaci ɗaya, wanda ya riga kira shi ke da aiki. Ka ce kai za ka tsara yadda abin zai tafi, kuma kana cikin watannin gwaji, in tsarinka bai gamshe ta ba za a iya sallamarka. Daga nan ka ce, "Baba, kai da ka tsufa a kan rufi, me ka gani?"

Na ce Allah Ya sa albarka, na tashi na shiga gida. Na san ka zaci ban fahimta ba, ko ban damu ba. Bakina ne bai saba doguwar magana da kai ba. Takarda kuwa ba ruwanta da kunya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da girmana na koya, a ajin yamma na manya, ina zuwa da ƙurar katako a kaina.

Da farko dai abin ya burge ni, kada ka ce ban faɗa ba. Abin da nake yini a kai da fensir a bayan kunne, wayarka ta yi kafin in gyara zama. Amma na yi kurakurai a sana'ar nan, kuma na hango su duka a cikin wayar taka, sai dai naka za su fi nawa gudu.

Lokacin da na fara iya lissafi kaina ya kumbura. Da can sai na hau gini na auna da igiya, na koma gida na kwana da abin a raina, kafin in faɗi kiyasi. Da na iya sau da rabawa sai na ga hawa wahala ce. Wani direba daga unguwar Kwangila ya tare ni a bakin masallaci ya faɗa mini tsawo da faɗin gininsa. Na durƙusa na zana a ƙasa da tsinke, na faɗa masa yawan kwanon da zai saya nan take, mutane na kallo suna cewa Isiyaku ya zama injiniya. Na kuma ɗan rage, don kada ya tsorata ya tafi wurin wani. Ranar aiki na tarar ginin yana da lungu, ga wani kicin a gefe da shi bai ɗauke shi ɗaki ba, shi ya sa bai ambata ba. Kwano ya ƙare ɗaki guda yana buɗe. Mutumin ya riga ya kashe abin da ke hannunsa, kuma wa'adin gidan hayarsa ya cika, haka ya tare da iyalinsa. Ranar ruwan farko ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye a ƙofa, matarsa na kwashe ruwa da bokiti. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Injiniya, shigo ka ga lissafinka yana zuba."

To abinka ma bai taɓa hawa gini ba. Bai san lungu ba, bai san bangon da ya karkace ba, bai san kicin ɗin da aka manta ba. Ka sa ya faɗi haka da bakinsa, da Hausa, da manyan baƙaƙe: wannan kirdado ne, sai an zo an gani. Ka ba mutum mafi ƙaranci da mafi yawa, ya san tsakanin da yake. In aka ce ka ɗan rage don lambobi su yi yawa, kada ka yarda. Wanda zai biya ragin nan yana can da yaransa a ƙarƙashin rufin.

Kuskure na biyu ƙarami ne, amma ya ci mini aiki mai yawa. Akwai wani dattijo, Baba Tanko, mai gadi a wata makaranta a unguwar Kongo nan Zariya. Duk shekara bayan kaka sai ya zo ya zauna a bencina ya ce, "Malam Isiya, bana nawa ake rufe ɗaki biyu da falo?" In faɗa masa, ya girgiza kai, ya ce, "Allah Ya kai mu," ya tashi. Wata shekara ya same ni cikin gajiya, na ce, "Baba, in ba ka shirya ba ka daina ɓata mini lokaci." Ya ce, "To, yi haƙuri." Bai sake zuwa ba. Shekarar da ya shirya wani ya ba aikin, kuma wanin nan shi ya rufe wa 'ya'yansa da surukansa gidajensu daga baya. Sai a lokacin na gane abin da ke kawo shi. Mutanenmu ba sa gini lokaci ɗaya. Bana bulo, baɗi linta, sai gini ya tsaya yana kallon sama har ciyawa ta fito a falo. Mai tambayar kuɗin rufi sau da yawa ba saye ya zo yi ba, so yake ya ji saura nawa tsakaninsa da gidansa, ya samu ƙarfin ci gaba da tari. Irin Baba Tanko su ne mafi yawan masu shiga shafinka. Wanda ya ga kiyasi ya fita bai bar lamba ba, kada ku lissafa shi a asara. Zai dawo bayan kaka. In an bar shi ya duba cikin natsuwa, ranar da ya shirya wurinku zai nufa.

Na uku shi ne wanda ya sa na kasa haƙura da rubutun nan. Ba wani ɓoyayyen abu ba ne, duk dattawan layinmu sun san shi, kai ne kana ƙarami.

Malam Lawal akawu ne a Kongo, mutum mai sanyin magana. Yana zaune a gidan gadonsu a nan Tudun Wada, ƙarƙashin yayansa Alhaji Sule, wanda ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu. Wata ranar Juma'a ya ja ni gefe ya ce in raka shi unguwar Hanwa. Muka je, sai ga gini na tubalin ƙasa ya kai linta, tsaf, an share tsakar gida. Ya ce, "Nawa ne. Ka duba mini abin da rufi zai ci." Na hau na auna, wannan karon na koyi hankali. Da za mu rabu ya ce, "Zan neme ka." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma da ina da kunne ya isa.

Ni kuwa murna ta cika ni, ga babban aiki. Washegari na biya shagon Oga Ikechukwu mai sayar da kwano, abokina ne na shekaru, na ce, "Oga, shirya kaya, Malam Lawal akawu zai yi rufi." Ya ce, "Malam Isiya, kai mutumin kirki ne, zan ba shi farashin ɗan'uwa." Na wuce wurin mai katako na faɗa masa. Na faɗa wa mai ƙusa. Kowa zai ba ni ɗan la'adata in aka saya a wurinsa, kuma a zuciyata gani nake taimakon Malam Lawal nake yi, ina haɗa shi da masu kaya mai kyau. Kowannensu kuwa yana tsoron kada wani ya riga shi. Ba su san ofishinsa ba, amma kowa ya san gidansu.

Mai katako ne ya fara isa. Ya yi sallama, ya tarar da Alhaji Sule a zaure da baƙi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo kan maganar katakon gidan Malam Lawal na Hanwa." Alhaji ya ce, "Wane gida?" Kafin mai katako ya gane ya taka inda bai kamata ba, sai ga Oga Ikechukwu a kan babur da samfurin kwano a hammata.

Ashe babu wanda ya san da ginin, ko matarsa. Niyyar Malam Lawal ita ce in an rufe, ya ɗauki yayansa ya kai shi, ya ce, "Yaya, ga abin da Allah Ya hore, ka sa albarka, ka ba ni izinin tashi." Haka ƙane yake fita daga gidan gado ba tare da an ce ya yi girman kai ba. Ni na ƙwace masa wannan rana. Alhaji Sule ya ji daga bakin ɗan kasuwa, a gaban baƙi, cewa ƙanen da ke cin tuwo a gidansa ya gina gida bai sani ba. Ya daina amsa gaisuwarsa. Dangi kuma da suka ji yana da abin rufe gida, kowa ya tuna da buƙatarsa. Don ya wanke kansa, Malam Lawal ya ɗauki abin da ya tara ya yi wa 'yar Alhaji kayan ɗaki. Ginin ya shiga damina a buɗe, ya sake shiga wata, ka kuwa san tubalin ƙasa da ruwa. Bangon gabas ya zauna.

Na je ba shi haƙuri a ofis. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo mini ruwa. Ya ce, "Malam Isiyaku, farashi na tambaye ka. Ban ce ka yi mini shela ba." Ya yafe mini, mutumin kirki ne, daga baya ma ya sake gini. Amma shi da yayansa ba su koma kamar da ba har Alhaji ya rasu.

Baban Ummi, ni mutum uku na faɗa wa, da ƙafa na bi su. Abin da Madam take so shi ne wannan aikin nawa, amma a yi wa dubban mutane, kafin su ajiye waya. A can inda aka ƙirƙiro irin wannan tsari wataƙila mutum ba ya ɓoye gininsa. A nan muna ɓoyewa, kuma ba don mugunta ba. Wani saboda yayansa, wata saboda dangin miji, wani saboda abokan aiki kada a ce ina ya samu, wani kawai yana tsoron baki. Waya kuma a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana caji a falo, yaro ya ɗauka, mata ta ɗauka, a sa ta a sifika ana cin abinci.

Don haka ga abin da na gani, tunda ka tambaya. Ka bar mutum ya ga kiyasinsa tukuna, ba tare da ya ba da komai ba. Bayan ya gani, sai abin ya tambaye shi, kamar yadda mai ladabi zai tambaya: kana so a haɗa ka da mai rufi? In ya ce e, a tambaye shi ko shi zai kira ko a kira shi, kuma da wane lokaci. A ba shi mai rufi ɗaya, in ba su daidaita ba shi mai ginin ya nemi a ba shi wani. Masu rufin da kuke aiki da su kuma ku koya musu kalmar farko in sun kira. Kada su fara da maganar gini. Su yi sallama, su tabbatar da mai wayar ne, su ce, "Kana inda za mu iya magana?"

Na san abin da Madam za ta ce, lambobi za su ragu. Za su ragu. Kada ka yi mata wa'azi, ba shi ta ɗauke ka yi ba, kuma kada ka yi mata gardama a gaban ma'aikata. Ka same ta ita kaɗai, da ladabi, ka yi mata maganar kasuwa. Ka ce ta tambayi masu rufin da ke biyanta, wanne suka fi so: tarin lambobin da in sun kira ake kashe musu waya, ko kaɗan da ke jiran kiransu? Ni mai rufi ne, na san amsar. Ka roƙe ta ta bari a gwada naka a gari ɗaya. In ta ƙi, akwai abin da ba ya buƙatar izinin kowa a wurin Allah: a daidai inda ake sa lamba ka rubuta a fili cewa mutane da yawa za su kira, kuma yanzu za su kira. Wanda ya sa bayan ya karanta, ya sa da saninsa. In har wannan ma aka ce ka goge, to ka duba zuciyarka. Ba zan ce ka bar aiki ba, ga jaririya a hannu, kuma na san yadda ka sha wahalar nema. Amma in abin ya kai ga sallama, kada kunya ta hana ka dawowa. Ɗakinku yana nan, ni na rufe shi, ba ya yoyo.

Saura magana ɗaya. Na ajiye biro na sake ɗauka kafin in rubuta ta.

Ka tuna ranar suna ka nuna wa abokanka yadda abin yake aiki a tsakar gida, ka ce ka haɗa shi da wasu masu rufi na nan Zariya don gwaji. Mahaifiyarka tana bakin ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, kamar ba ta ji. Ka san ita ma ba ta zama kusa da kai. To ta ji, kuma ta iya wayarta fiye da yadda kuke zato, da ita take cinikin man gyaɗarta.

Bayan tafiyarku muna karin safe, wayarta ta yi ƙara a kan tabarma tsakanina da ita. Ta ɗauka. Muryar ta fito har inda nake: "Hajiya, kan maganar rufin ɗaki biyun nan ne." Ta ce, "Ba nan ba ne," ta kashe. Kafin ta kai kofi baki wani ya kira. Ta kashe. Wani kuma. Ta tura wayar ƙarƙashin zane, ta ce, "'Yan damfara ne, sun dami mutane." Na ce, "Wallahi sun yi yawa a zamanin nan." Na ɗauki buta na fita, alhali ba ni da abin yi da buta.

Mahaifiyarka tana da gini a bayan Hanwa, ɗaki biyu, daga man gyaɗa da adashi. Na daɗe da sani. Wata rana ina kan wani rufi a unguwar na hango ta daga sama, da mayafinta ruwan ƙasa, tana taɓa bulo ɗaya bayan ɗaya. Na kwanta a kan katako har ta tafi. Ban taɓa nuna mata ba. Na san abin da take jira. So take a rufe, ta saka kayanta masu kyau, ta ce, "Malam, raka ni unguwa," ta kai ni ta nuna mini abin da hannunta ya yi. Ta auri mai rufi, amma ba ta tambaye ni kiyasi ba, saboda in ta tambaya ranar ta lalace. Abin ɗanta ta tambaya, tana ganin shi ba shi da baki.

Ga shi na sake yi, na faɗi ginin wani. Amma lambarta tana cikin abin nan naka, da tsawo da faɗin ɗakunanta, ko ban faɗa ba wata rana za ka gani. Gara ka ji daga wurina, ka san yadda za ka riƙe. Yau ɗin nan da ka karanta, ka cire lambarta daga hannun mutanen nan, ka ce musu an yi kuskure. Kada ka kira ta a kai. Kada ka aiko mata da kuɗin kwano, ko da ka samu, za ta gane. In kana son taimakonta, ka sa maiɗakinka ta riƙa sayen man gyaɗa da yawa tana cewa maƙwabta ne ke so. Idan kuma ka tsaya gaban Madam, ba sai ka ambaci kowa ba, kai dai ka san wadda wayarta ta yi ƙara.

Ranar da ta kira mu ganin gidan, za ka zo daga Abuja da Ummi. Ni zan riƙe baki in ce, "Ikon Allah! Yaushe aka yi wannan?" Kai ma ka fara koyon naka tun yanzu, don ba ka iya ƙarya ba, fuskarka tana tona ka tun kana yaro.

Allah Ya tsare fitarka da shigarka. Ya ba ka farin jini a wurin shugabanninka, Ya sa gaskiya a bakinka da sauƙi, Ya hana hannunka zama sanadin kunyar wani. Ka gaishe da Maman Ummi, ka ce na gode da haƙurinta. Ita kuwa Ummi, ka raɗa mata a kunne cewa tsohon nan yana jiranta, kada ta yi haƙori ban gani ba. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifinka,
Isiyaku Kafinta